Gwaggo a Gindin Tagar Ajinmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya a ɗakinta na Birnin Konni, wata Talata da la'asar sakaliya, lokacin da ake yankan gero. Ba ta bar ɗa ko jika na cikinta ba, domin 'ya'yan da ta haifa duk tun suna goye ta binne su. Amma ranar sadakar uku sai da aka aro tabarmi daga masallacin unguwa.

Mata ne suka cika gidan, kuma yawancinsu ba danginmu ba ne. Wata ta sauko daga kabu-kabu da farar rigar asibiti a ƙarƙashin hijabi, wata ta zo a motar kasuwa daga Tsarnawa da goyonta, wata tun daga Illela. Kowace ta yi sallama sai ta wuce ɗakin kudu ba tare da an nuna mata hanya ba, ta tsaya bakin ƙofa ta leƙa, sannan kukan ya zo mata. A ɗakin nan dukanmu muka kwana shekarun da muke koleji.

Ba kowa ne ya yi kuka ba. Wata tsohuwar maƙwabciya, da suka yi shekara da shekaru suna faɗa a kan magudanar ruwa, ta ce, "Allah shi jiƙanta, shi yafe mata bakin nan nata. Ni kam na sha shi." Limamin unguwa da ya shigo yi wa mata addu'a ya ce shi bai taɓa hango ta tafe ba gabansa bai faɗi ba, domin ba ta zuwa wurinsa sai da maganar da ba ya son ji. Mai farar rigar nan, wadda yanzu ungozoma ce, ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce har yau in ta ji ana jan takalmi a bayanta sai ta gyara ɗankwali. Amaryar ƙanena, wadda ba ta san Gwaggo ba sai a tsufanta, ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, wai son ta suke ko tsoron ta?" Na rasa amsar da zan ba ta a tsaye. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don yaran gidanmu da za su tashi ba su san ta ba, kada labarin bakinta kaɗai ya iso musu.

Na zo hannunta a farkon shekarun dubu biyu, bayan na ci jarrabawar satifika a ƙauyenmu na wajen Dogarawa. A lokacin, cin jarrabawa ba shi ke kai yarinyar ƙauye koleji ba, masauki ne. In ba ki da gidan da za ki zauna a birni, sunanki na can a lakwal, wato makaranta, ke kina gida kina daka. Mijin Gwaggo mai manyan motoci ne, ya rasu ya bar mata gida mai ɗakuna, sai ta buɗe ɗakin kudu ga 'yan mata. Maza ba ta karɓa. Ta ce namiji ko a tasha ya kwana, da safe ya tafi lakwal, ba wanda zai ce ya lalace.

Ba ta kiran mu da sunayenmu. Kowace da garinta: ni ce Ta Dogarawa, akwai Ta Tsarnawa, akwai Ta Alela, ɗiyar makiyaya, siririya mai shiru, wadda muke aji ɗaya kuma tabarma ɗaya. Gwaggo ba ta kira sau biyu. Idonta na hagu yana da hakiya, fari fat, mu kuwa mun yi imani da shi take ganin abin da muka ɓoye. In mun dawo daga lakwal za mu same ta a zaure, ƙafa miƙe, goro a kunci, kowace ta durƙusa ta gaishe ta, ta kuma tsaya a dube ta. Ban taɓa ganin ta ɗaga hannu a kan yaro ba. Kallo ne, da kalma ɗaya da za ta bi ki har wurin wanka. Takan ce, "Wadda ta ji tsorona ta huta da tsoron wani." Mun ɗauka cika baki ne irin na tsofaffi.

Alherinta ma da fuskar faɗa yake zuwa. Ranar da na fara ganin al'ada, a aji abin ya same ni. Kolejinmu ba ta da makewayin 'yan mata mai ƙofa, sai na lafe a benci har aka tashi. Da na miƙe, yara maza na baya suka gani, suka ɗauki ihu suna buga tebur. Na iso gida na wuce zaure ban gaishe ta ba, abin da ba a taɓa yi ba. Ina ɗaki ina jiran hukunci sai na ji ana yaga zane. Sabuwar atamfarta ce da ta ajiye don Sallah. Ta shigo ta zube mini ƙyallayen a cinya, ta nuna mini yadda ake yi da yadda ake wankewa. Na ce mata ni ba zan koma ba. Ta ce, "Uwayen waɗanda sunka yi miki ihu, da wanga jinin sunka haife su. Gobe ke za ki riga kowa shiga aji." Na kuwa riga kowa.

A shekararmu ta biyu, cikin zafin bazara, abin ya faɗo wa kolejin. Ana cikin darasi wata safiya sai muka ji ƙara daga ajin da ke jikin namu, irin ƙarar da ba za ka ce daga bakin mutum ta fito ba. Kafin malaminmu, mushe kamar yadda muke ce musu, ya kai ƙofa, wata a ajinmu ta sulale daga benci ta fara birgima, idanunta sun juye. Sai wata. Sai wata kuma. Maza suka yi ta dira ta taga. Wanda bai gani ba ba zai gane ba: yarinyar da kuka ci ƙosai tare da safe, ga ta an taru an kasa danne ta, tana magana da kakkaurar murya irin ta tsoho.

Aka ce aljanu ne. Aka ce lokacin da aka ƙara gina azuzuwa an sare wata tsohuwar tsamiya, gidansu ce, shi ne suke neman hakkinsu. 'Yan mata kaɗai suke kamawa. Aka kawo malamai suka yi karatu, aka yayyafa ruwan tofi a bango, abin ya lafa kwana biyu ya dawo. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Mu da muka rage muna tafiya lakwal da addu'a a baki, ba mai yarda ta bi ta wajen kututturen tsamiyar. In wata ta yi atishawa da ƙarfi sai aji ya watse.

Akwai kuma wani tsoron da ya riga wannan zuwa, wanda ba a taɓa yi masa taro ba. Mushen lissafi. Matashi ne mai tsabta, mai fara'a ga iyaye, in ya gamu da dattijo har ƙasa yake gaishe shi. Yana da al'ada: in ya tattara kayen aji, wato littattafanmu na rubutu, zai gyara, sai ya zaɓi yarinya ɗaya ta kai masa su gida ranar Laraba da la'asar, lokacin da ba a karatu. In ta je akwai shara, akwai ɗibar ruwa. Duk mun san wadda ake yawan zaɓa makinta na hawa, wadda ta ƙi zuwa kuma sifili za ta yi ta sha har a kore ta. Ba mai faɗa. Wa za ki gaya wa? Darakta namiji, shugaban iyayen yara namiji, kuma in maganar ta fita sunanki ne zai lalace, ba nasa ba. Tun tsakiyar shekara Ta Alela yake zaɓa. A gida ta ce wa Gwaggo darasin ƙari ake yi musu. Ta rage cin abinci, ta ƙara shiru a kan shirunta.

Ranar da ta faɗi, a darasinsa ne. Ya juya yana rubutu a allo sai na ji bencinmu yana rawa. Ta miƙe tsaye, ta ƙwalla ƙara, ta faɗi tsakanin tebura. Ta fara da Fillanci, wanda ba ma ji, sannan muryar ta juya Hausa, ta kira sunan mushe, sunansa na yanka.

"Buɗe ƙofar! Na ce ka buɗe ƙofar!"

Ta yi ta maimaitawa tana dukan ƙasa da tafin hannu. Ajin da ke watsewa in an faɗi, ranar ba wanda ya motsa. Shi ma ya tsaya da alli a hannu. Can sai ya yi dariya ya ce, "Kun ji aljani da ƙarya." Ya sa maza suka fitar da ita.

A amalanke muka kai ta gida. Gwaggo ta sa aka shimfiɗe ta a ɗakinta, ta yi mata hayaƙi, ta aika aka karɓo rubutu, domin ita ba ta taɓa musun aljanu ba. Na gaya mata abin da muryar ta ce. Da yarinyar ta farfaɗo sai ta kore mu duka ta sakaya ƙofa. Sun daɗe a ciki. Abin da Ta Alela ta gaya mata, Gwaggo ta tafi da shi kabari. Abin da na gani da idona shi ne, da ta fito ta zauna a kan turmi, ta ɗauko goro ta kasa ɓare shi. Ta ce, ba da kowa take ba, "Ina zaune a zaure. Ta gabana take wucewa." Wannan maganar ta fi faɗuwar 'yan mata ba ni tsoro.

Ta Alela ba ta koma aji ba. Laraba ta zagayo, mushe ya tattara kaye, ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina.

"Ke, 'yar gidan Hajiya. Ki kawo mini su da la'asar."

Da murmushi ya faɗa. Na ɗauko su a ka na nufi gida. Gwaggo tana zaure.

"Mi ke nan?"

"Kayen aji ne, Gwaggo. Mushe ya ce in kai mishi da la'asar."

Ta ce, "Aje su nan. Je ki ci abinci."

Da aka yi la'asar ta yafa mayafinta na Makka, ta naɗa gammo, ta ce in ɗora mata. Na ce, "Gwaggo, kore ni zai yi." Ta ce, "Wuce gaba ki nuna mini gidan." Muka ratsa unguwa, Hajiya guda ɗauke da kayen yara a ka kamar mai talla. Masu shan shayi a bakin titi suka tambaya ko lafiya, ta amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Lafiya lau. Aiken mushe za ni kai." Kafin mu isa 'yan kallo sun biyo bayanmu.

Ya buɗe ƙofa da singileti a jikinsa, ya gan ta. Ta sauke kayen a gabansa.

"Mushe, ga aikenka. An ce akwai shara da ɗibar ruwa. Ina tsintsiyar?"

"Haba Hajiya, ai ba sai kin..."

"A'a, na iya. Daga yau kowace Laraba ni za ka gani. In kuma ƙofa aka rufewa, ga ni, rufe."

Ya dubi mutanen da ke bayanmu. Murmushin bai bar fuskarsa ba da ya sauke ido a kaina. Ya ce a hankali, "Hajiya, ɓata sunan ma'aikacin gwamnati, jandarma ke raba shi."

Ta ce, "Na san hanyar."

A makon nan aka kira taron iyaye a rumfar koleji kan maganar aljanu. Mu muna leƙe ta tagogi. Maza a benci, mata 'yan kaɗan a tabarma can baya. Dattawa suka ce a yanka baƙar akuya a gindin kututturen, samari masu wa'azi suka ce shirka ne, har aka fara nuna wa juna yatsa. Sai Gwaggo ta miƙe.

"Kuna gardamar abin da aljani ke so. Ni na ji abin da ya ce. Ku ma ɗiyanku sun gaya muku."

Darakta dattijo ne, ba mugu ba ne, amma yana tsoron manyansa na buro, wato ofis, fiye da yadda muke tsoron aljanu. Ya ce, "Hajiya, ba a kama mutum da maganar aljani. In na kai magana sama, in ce wa ya shaida? Yarinyar za ta tsaya gaban mutane ta faɗi?"

"Ba ta tsayawa. Kun san abin da za ku mai da ita in ta tsaya."

"To kin gani."

"To a bar ta aljani a ɗauki tawa, ni mutum ce. Daga yau kada ɗiyar kowa ta sake kai kaye gidan namiji."

Shugaban iyayen yara ya ce mata su yi haƙuri maza su gama magana. Sai wani daga cikin benci, ban ga fuskarsa ba, ya ce, "Ita da ba ta da ɗa ko guda, ina ruwanta da lakwal?" Na ga maganar ta shige ta. Ta tsaya kaɗan, ta koma ta zauna. Ranar kaɗai na taɓa ganin an bar Gwaggo ba amsa. Aka tashi taron a kan za a ƙara saukar Alƙur'ani. Ba wanda ya sake ambaton mushe. Kayena da ya dawo mini, sifili ne a ciki da jan biro.

Labari ya kai Dogarawa, an haɗa aljanu da jandarma an ƙara gishiri. Mahaifina ya zo a motar kasuwa da buhun da zai zuba kayana. Shi ne autansu, Gwaggo ce ta goya shi, kuma har ya yi furfura Auta take ce masa.

"Yaya, na zo in tafi da yarinyar nan."

"Auta, zauna ka sha ruwa."

"Ba ni zama. Aljanu na kama ɗiyan mutane, ke kuma kin ja faɗa da gwamnati. In anka kore ta da abin kunya fa? Gara in ɗauke ta da mutuncinta."

Ina ɗakin kudu ina jin su, na riga na ɗaure kayana. Ni ma gida nake so.

Gwaggo ta ce, "Kai ba a haife ka ba lokacin da masu ɗaukar yara lakwal sunka zo garinmu, zamanin Nasara. Baba ya jefa ni cikin rumbu ya liƙe bakin. Ina jin muryoyinsu a tsakar gida, ɓera na bi ta ƙafata, na cusa zane a baki kada in yi kuka. Da sunka tafi anka fiddo ni anka ce na tsira. To ga ni na tsira. Har mijina ya mutu ko lambar motarshi ban iya karantawa ba. Kullum in abin tsoro ya zo, ɗiya mace aka ɗauka a ɓoye, shi abin tsoron a bar shi shina yawo. Wagga ba ta shiga rumbu."

"In wani abu ya same ta fa?"

"Sai ya same ni tukuna."

"Yaya, ɗiyata ce."

"Ɗiyarka ce. Ga ɗakin can, shiga ka ɗauke ta."

Ta janye ƙafafunta daga hanya. Daga nan na ji takunsa ya yi waje. Bai sha ruwan ba, bai yi mini sallama ba, kuma sai da Sallah biyu suka wuce kafin ya sake taka gidan.

Washegari ta riga ni shiri. Ta ɗauki tabarma da buta da carbi, ta bi ni har koleji, ta shimfiɗa a gindin tagar ajinmu daga waje, dab da kututturen da kowa ke gudu. Darakta ya fito ya ce, "Hajiya, doka ba ta yarda da wannan ba." Ta ce, "Ai ba aji na shiga ba. Aljanu nike jira, in sun zo mu gaisa." Ya juya ya koma buro.

Duk ranar da muke da lissafi tana nan. Daga bencina ina hango saman mayafinta, ina jin ƙarar carbi. Mushe yana darasi bai ko duban wajen. Rannan ya tura tagar ya rufe, ta ƙwanƙwasa da sandarta ta ce zafi zai kashe ɗiyan mutane, dole ya buɗe. Faɗuwa ba ta daina ba. In wata ta faɗi, Gwaggo takan shigo ba ta nemi izini ba, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ta kai kunne kusa da bakinta tana saurare. Mun lura in tana yin haka mushe yakan fita waje.

Sai ga motar jandarma, jami'an tsaro, wata safiya a ƙofar koleji. Biyu suka sauko suka nufo tagarmu. Na ji ɗaya ya ce, "Hajiya, ana son ganinki." Ta naɗe tabarmarta ta miƙo mini ta taga, ta ce, "Kai gida." Ta ƙi shiga motar, ta bi su a ƙasa. Muka wuni a zaure, ni da Ta Tsarnawa da Ta Alela, ba wadda ta hura wuta. Duk motar da ta wuce sai mu miƙe. Ta Alela ta ce, "Ni na ja mata," ta kifa kai a gwiwa. Sai dab da magariba muka ji jan takalminta. Ta dube mu ta ce, "Wa ya mutu da ba a ɗora tukunya ba?" Daga baya muka ji mushe ne ya kai ƙara, an tambaye ta shaida ta ce ba ta da ita, aka ja mata kunne aka sallame ta don tsufanta.

Da safe ta sake ɗaukar tabarmar. Da muka isa sai muka tarar an riga ta. Mahaifiyar Ta Tsarnawa ce, da wata mai fura da ɗiyarta ke ajin gaba da mu, da maƙwabciyar nan ta faɗan magudanar ruwa, wadda ta ce ita ba don Gwaggo ta zo ba. Kafin wata ya ƙare mata sun raba kwanaki a tsakaninsu. Ba wadda ta ambaci sunan kowa. In an tambaye su sai su ce aljanu suke jira. Har shekarar ta ƙare ba yarinyar da ta sake kai kaye gidan wani. Ni kuwa da sifilin lissafina na wuce aji da ƙyar, sauran darussa suka ɗauke ni.

Cikin hutu muka ji an yi wa mushe canjin wurin aiki zuwa wani gari. Ba bincike, ba hukunci. Mata suka zo yi wa Gwaggo barka, ta ce, "Barka da mi? Mun kore kura daga garkenmu mun tura ta garken da ba kare." Faɗuwar 'yan mata ta yi ta raguwa har ta ɗauke, wasu suka ce saukar Alƙur'ani ce, wasu suka ce aljanun sun sami wata tsamiyar.

Ta Alela kuwa, mahaifinta ya zo ya tafi da ita ruga. Gwaggo ta bi ta har can, ta hau mota ta hau amalanke, ta roƙa a dawo da ita. Ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka dama mata fura da nono, ya ce, "Hajiya, kin riƙe amana iyakar ƙarfinki. Amma mun ga abin da ke cikin lakwal." Ba ta dawo ba, ita da ta fi mu duka kan lissafi tun kafin a fara zaɓen ta. Yanzu tana da 'ya'yanta, tana sayar da nono a kasuwar Alela. 'Yan mata sun zo daga garin bayan ita, amma Gwaggo ba ta sake kiran kowa Ta Alela ba.

Direbobin da suka yi yaran mota a hannun mijinta ba su daina zuwa gaishe ta ba. Su ta sa suka gano mata garin da aka kai mushe. Da ta sani sai ta ƙulle goro a ganye ta ba direban da ke bin hanyar, ta ce ya nemi tsohuwar da ke karɓar haihuwa a garin ya ba ta, ya ce, "A gaya wa mata, kada ɗiya ta kai kaye gidan mushen lissafi." Iyakar saƙon ke nan. Aka sake canza masa gari, ta sake nemowa. Haka ta yi ta yi shekara da shekaru. Ko saƙon yana aiki, ba ta taɓa sani ba.

Na gama koleji, na yi makarantar horon malamai, aka tura ni koyarwa wani ƙauye a wajen Malbaza. Ƙarshen daminar nan aka aiko mini jikinta ya yi tsanani. Na same ta ta ƙanƙance a kan gado, muryar ce kawai ba ta canza ba. Muna hira na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya.

"Gwaggo, wai ke ba ki ji tsoro ba lokacin nan?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Kullum sai na zaga bayan gida kafin in ɗauki tabarmar. Ina zaune gindin kututturen nan ina jin kamar ana hura mini iska a ƙeya. Carbin da kuke ji, ba lada nike nema ba, rawar hannu nike ɓoyewa. Ranar jandarma kuwa, da na hau motarsu da sun ga gwiwata na kaɗawa. Shi ya sa na tafi a ƙasa."

Sannan ta ce in matso. Ta raɗa mini sunan wani gari can gaba da Illela.

"Can mushen nan shike. Darakta ne yanzu. Maimaita."

Na maimaita.

"Motar garin ranar kasuwa take tashi. Ki tambayi dogon direban nan mai tabo a goshi."

Talatar da ta biyo baya ta cika.

Da aka share makoki na je tasha da goro ƙulle a ganye. Ni da nake tsayawa gaban aji kullum, na sami kaina ina waige-waige kamar wani na bina. Na sami direban yana ɗaure kaya a saman mota. Na miƙa masa na fara magana. Ya sauko, ya goge hannunsa a riga, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Bari, ɗiyata. Na san saƙon." Na tsaya har motar ta fita tasha.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haɗa ta da 'ya'yanta da suka riga ta. Ta sha tsoro ya ishe ta a duniya ba ta bari mun gani ba. Allah Ya amintar da ita a inda ta je. Amin.